Tom Donahue, mutumin da ya mayar wa mai gabatar da shiri ikon zaɓen waƙa a zangon FM

A ranar 28 ga watan Afrilun 1975 ciwon zuciya ya yi ajalin Tom Donahue, shugaban gidan rediyon KSAN da ke birnin San Francisco a jihar Kalifoniya ta Amurka, saura kwana 23 ya cika shekara 47 da haihuwa. A ƙasarsa ana ɗaukarsa uban wani salon rediyo da ya ɓullo a zangon FM a ƙarshen shekarun 1960, inda mai gabatar da shiri ke zaɓen waƙoƙin da zai sa da kansa, ya bar su su kai ƙarshe komai tsawonsu, ya kuma yi wa mai sauraro magana a natse kamar suna zaune a kan tabarma ɗaya. Gidajen rediyon da a yau ke sa kiɗan rok na manya, irin wanda ba ya bin sahun kasuwa, daga wannan salo suka samo asali.

Shekara 26 ya yi yana aikin rediyo, kuma duk a gidajen wasu ya yi su. 'Yancin da ya samar wa kansa da abokan aikinsa ya dogara ne a kan lasisin da ke hannun wani, don haka sai da ya yi ta cinikinsa da masu gida daga farkon tafiyar har ƙarshenta.

Daga Indiana zuwa Filadelfiya

An haife shi ranar 21 ga watan Mayun 1928 a garin South Bend da ke jihar Indiana, kuma sunansa na yanka Thomas Coman. Donahue suna ne da ya ɗauka don aikin rediyo, kamar yadda masu gabatar da shirye-shirye da yawa na lokacin ke yi. Ya fara aiki a 1949 a wani ƙaramin gida mai suna WTIP a birnin Charleston na jihar West Virginia, daga nan ya wuce WIBG a Filadelfiya, inda ya shafe kusan shekara goma. Ƙato ne na gaske, ga murya mai kauri, abin da ya sa aka laƙaba masa Big Daddy, wato babban baba, sunan da ya bi shi har kabari.

A waɗannan shekaru talabijin ta shigo gidajen Amurkawa ta kwashe wasannin kwaikwayo da manyan taurarin da a da rediyo ke taƙama da su. Gidajen rediyo sai suka koma ga faifan garmaho domin ya fi araha. Wasu 'yan kasuwa biyu, Todd Storz a birnin Omaha da Gordon McLendon a Dallas, su suka fi kowa yaɗa tsarin da aka sani da Top 40: a ɗauki waƙoƙi arba'in da suka fi kasuwa a makon, a yi ta jujjuya su daga safe har dare. Waƙar ba ta cika wuce minti uku ba. Mai gabatarwa zai yi magana da sauri da ƙarfi, ya faɗi lokaci da sunan tasha, a sa talla, a koma wata waƙar. Tsarin ya kawo kuɗi, kuma Donahue ya ƙware a kansa har ya zama ɗaya daga cikin muryoyin da matasan Filadelfiya suka fi sani.

Badaƙalar toshiyar baki

Tun da waƙoƙi kaɗan ne ke samun shiga, kamfanonin faifai sun yi ta neman hanyar da tasu za ta shiga jerin. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba mai gabatar da shiri na goro, ko kuɗi ko kyauta ko wani kaso na ribar waƙar. A ƙarshen 1959 asiri ya tonu, a 1960 kuma wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya zauna sauraron bahasi a kan lamarin. Alan Freed, wanda ya fi kowa yayata kiɗan rok a rediyo, ya rasa aikinsa a New York, daga baya ya amsa laifin karɓar cin hanci a kotu, ya mutu a 1965 yana da shekara 43 babu ko sisi. Dick Clark, wanda ke gabatar da shirin kiɗa na talabijin daga Filadelfiya, ya sayar da hannayen jarinsa da ke kamfanonin waƙa ya tsira da aikinsa. Majalisa ta gyara doka, ta wajabta wa gidan rediyo ya sanar da masu sauraro duk lokacin da aka biya kuɗi don a sa wani abu.

Abin da ya biyo baya ya shafi kowane mai gabatar da shiri, mai laifi da marar laifi. Masu gidajen rediyo sun ji tsoron rasa lasisi, sai suka karɓe zaɓen waƙa daga hannun mai magana suka damƙa wa daraktan shirye-shirye. Donahue na cikin waɗanda suka bar gabashin ƙasar a wannan guguwa. Bayan ɗan zama a wani gida a jihar Maryland, a 1961 ya koma San Francisco ya kama aiki a KYA, inda ya haɗu da tsohon abokin aikinsa na Filadelfiya, Bobby Mitchell.

Kamfanin faifai da wasan ƙarshe na Beatles

Su biyun sun ɗaga KYA, suka kuma shiga kasuwanci a gefe. Sun riƙa shirya manyan wasannin kiɗa a zauren Cow Palace, sannan suka kafa kamfanin faifai mai suna Autumn. Wanda suka ɗauka ya riƙa tsara musu kiɗa a ɗakin ɗaukar murya wani saurayi ne baƙar fata mai suna Sylvester Stewart, wanda duniya ta sani daga baya da Sly Stone. A 1964 kamfanin ya fitar da wata waƙar rawa ta Bobby Freeman da ta shiga sahun biyar na farko a ƙasar, a 1965 kuma ƙungiyar Beau Brummels ta samar musu waƙoƙi biyu da suka yi kasuwa. Sun ɗauki muryar Grace Slick tun kafin ta koma Jefferson Airplane ta yi suna. Makaɗan da suka zama Grateful Dead ma sun je gwaji a kamfanin a watan Nuwamban 1965, ba a ɗauke su ba. Duk da haka kuɗi bai zauna ba. A 1966 Autumn ya durƙushe, mawaƙansa suka koma hannun kamfanin Warner Brothers.

Donahue ya riga ya bar KYA tun 1965. Kamfaninsu na shirya wasanni ne ya kawo Beatles filin Candlestick Park ranar 29 ga watan Agustan 1966. Filin na ɗaukar mutum 42,500, amma tikiti kusan 25,000 kawai aka sayar, masu shirya wasan suka tashi da asara. Mawaƙan na Ingila sun yi waƙa 11 cikin ɗan abin da ya haura rabin awa suka sauka, kuma daga ranar ba su sake yin wasan da ake sayen tikiti a shiga ba.

Shigowar 1967 ta tarar da shi yana da shekara 38, ba tasha, ba kamfani. A daidai lokacin kuma San Francisco ta cika da matasa masu adawa da yaƙin Biyetnam, unguwar Haight-Ashbury ta zama matattararsu, zaurukan Fillmore da Avalon suna cika maƙil duk ƙarshen mako. Makaɗan da ke wasa a can sun daina tunanin ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowane gefe, sun koma babban faifai mai ɗauke da kusan minti arba'in. Rediyo kuwa ƙara matsewa take yi. Bill Drake, wanda ya taɓa riƙe shirye-shiryen KYA, ya rage jerin waƙoƙin zuwa talatin a tashar KHJ ta Los Angeles, ya taƙaita maganar mai gabatarwa zuwa daƙiƙoƙi, aka kuma kwaikwaye shi ko'ina. Waƙar da ta fi shahara a faifan farko na ƙungiyar Doors, wanda ya fito a watan Janairun 1967, minti bakwai ce, sai da aka datse ta zuwa ƙasa da minti uku kafin tashoshin AM su karɓe ta.

Zangon da aka yi watsi da shi

FM ba sabon abu ba ne a lokacin. Injiniya Edwin Armstrong ya yi rajistar fasahar tun 1933, kuma kowa ya san sautinta ya fi na AM tsabta, ba ta ƙara idan hadari ya taso. Amma manyan kamfanoni sun zuba jarinsu a AM. A 1945 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta matsar da FM zuwa tsakanin mita 88 da 108 inda take har yau, akwatunan rediyon FM da mutane suka riga suka saya suka zama ba su da amfani. Armstrong ya mutu a 1954 yana tsakiyar shari'a da kamfanin RCA. Masu tashoshin AM da suka karɓi lasisin FM galibi maimaita shirin AM ɗin kawai suke yi a kai.

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali. A 1961 hukumar ta amince a riƙa watsa sautin sitiriyo a FM. Sannan ta kafa doka, wadda ta fara aiki a farkon 1967, cewa a duk birnin da mutanensa suka haura 100,000 tashar FM ba za ta maimaita fiye da rabin shirye-shiryen 'yar'uwarta ta AM ba. Dare ɗaya masu gidajen rediyo suka wayi gari da awoyi masu yawa da ba su san abin da za su zuba a ciki ba, kuma ba sa tsammanin riba daga gare su, don haka ba su damu su sa ido ba.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne, wata rana da dare Donahue na zaune da abokai da Raechel, wadda ta zama matarsa, suna sauraron faifan Doors, sai ya tambayi dalilin da ya sa ba a jin irin wannan a rediyo. Washegari ya ɗauki littafin lambobin waya ya riƙa kiran tashoshin FM ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗa kan wadda aka yanke wa layi saboda bashi. Ya san mai irin wannan tasha ba zai ƙi sauraron tayi ba.

KMPX

Tashar ita ce KMPX a kan mita 106.9, mallakar wani mai suna Leon Crosby, tana cikin wani tsohon sito a titin Green kusa da bakin ruwa. Da sayar da awoyi ga al'ummomin baƙi 'yan ci-rani take rayuwa, kowace al'umma ta biya ta yi shiri da harshenta. Bahaushen da ke zaune a zangon Kumasi ko unguwar Briqueterie ta Yaounde ya san wannan tsari, domin sau da yawa ta haka shirin Hausa ke samun gurbi a tashar da ba ta Hausawa ba. Tun a watan Fabrairu wani matashi, Larry Miller, ya karɓi tsakar dare zuwa asuba yana sa abin da ya ga dama. Donahue ya karɓi ƙarfe takwas na dare zuwa sha biyu, ya fara ranar 7 ga watan Afrilun 1967, da fayafayan da ya kwaso daga gidansa.

Ya yi watsi da kusan duk ƙa'idojin Top 40. Babu jerin waƙoƙi daga ofis, babu ihu, babu 'yar waƙar tallata sunan tasha. Ana jera waƙa uku ko huɗu ba tare da katsewa ba, a bar ƙarshen wata ya shige cikin farkon wata, sai daga baya a faɗi sunayensu. Rok na iya biyo bayan tsohon kiɗan blues na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, daga nan a shiga jaz ko kiɗan Indiya na Ravi Shankar. An rage yawan talla a cikin awa, kuma ma'aikatan tashar ne ke tsara yawancinta da irin muryar shirin. Makaɗan garin kan kawo kaset ɗin da ko faifai bai zama ba a sa musu. Ya kuma ɗauki 'yan mata aikin sarrafa na'urori, abin da ba a saba gani ba a lokacin, kuma wasunsu, irin su Dusty Street, sun zama masu gabatar da shiri.

Masu sauraro sun amsa nan da nan, shagunan faifai da na tufafi suka fara kawo talla. Nasarar tana da waɗanda suka biya kuɗinta. Duk shirin harshen baƙi da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta shi, ana ba rok gurbinsa, kuma zuwa watan Agustan 1967 KMPX ta zama ta kiɗa dare da rana. Al'ummomin da kuɗinsu ya riƙe tashar lokacin da ba ta iya biyan kuɗin waya su ne aka fara sallama da ciniki ya buɗe.

Ba Donahue kaɗai ya yi wannan tunani ba. Tashar WOR-FM ta New York ta gwada irinsa tun 1966 kafin masu ita su janye, WNEW-FM ta ɗauka daga inda ta tsaya, WBCN ta Boston ta biyo a 1968. Abin da ya bambanta shi shi ne ya fito daga cikin Top 40, ya san yadda ake sayar da talla, ya kuma iya kare tsarin a gaban masu kuɗi. A watan Nuwamban 1967 ya rubuta maƙala a fitowa ta biyu ta mujallar Rolling Stone, wadda aka kafa a San Francisco a watan, inda ya kwatanta rediyon Top 40 da gawar da ta ruɓe aka ƙi binnewa.

Yajin aikin 1968

Crosby ya ga riba, sai ya sayi tasha ta biyu, KPPC, a garin Pasadena kusa da Los Angeles, wadda ke watsa shiri daga ɗakin ƙarƙashin wata coci. Donahue ya zama mai kula da shirye-shiryen gidajen biyu, yana kai da komowa tsakanin garuruwan da ke da nisan kusan kilomita 600. Wannan ƙaramar haɗaka ta tashoshi biyu masu zaman kansu ba ta yi shekara ba ta wargaje. Ma'aikata sun yi ta kukan cewa albashi bai taka kara ya karya ba, cekin da ake ba su kan dawo daga banki babu kuɗi, ga na'urori sun tsufa. Crosby a nasa ɓangaren yana ganin Donahue ya raba hankalinsa biyu, kuma ma'aikatan sun manta wa ke da tashar. Da ya nemi rage masa iko, Donahue ya ajiye aiki.

Da ƙarfe uku na daren wayewar Litinin 18 ga watan Maris 1968 ma'aikatan KMPX suka fice, na KPPC suka bi su. Sun kafa ƙungiyar ƙwadago tasu, suka raɗa mata wani dogon suna na barkwanci. Makaɗa sun yi wasa a kan titi a ƙofar tashar, ciki har da Creedence Clearwater Revival waɗanda ba su riga sun yi suna ba, wasu manyan ƙungiyoyi irin su Grateful Dead da Rolling Stones suka nemi a daina sa waƙoƙinsu har sai an sasanta, masu talla da dama suka janye. An yi mako takwas ana ja-in-ja. Crosby ya ɗauki wasu ma'aikata ya ci gaba da watsa shiri, domin doka na tare da mai lasisi. Masu yajin suna da jama'a da makaɗa, amma zanen aro ba ya rufe katara. Yawancinsu ba su koma ba, shi ma Crosby daga baya ya sayar da tashoshin.

A ƙarƙashin babban kamfani

Wanda ya buɗe musu ƙofa babban kamfani ne na New York, Metromedia, mai tashar KSFR da ke sa kiɗan gargajiyar Turai a kan mita 94.9 ba tare da wata riba ba. Ranar 21 ga watan Mayun 1968, ranar da Donahue ya cika shekara 40, aka sauya mata suna zuwa KSAN, tsofaffin ma'aikatan KMPX suka hau aiki. Shi da Raechel sun kuma taimaka wajen kai salon tashar KMET ta kamfanin a Los Angeles. Albashi ya zama mai tabbas, na'urori sababbi, amma yanzu akwai lauyoyi da masu lissafi a can gabas da ke duba abin da ke fita.

KSAN ta zama ɗaya daga cikin tashoshin da matasan yankin suka fi saurare, kuma ba don kiɗa kaɗai ba. Sashenta na labarai ya riƙa ba da rahoton yaƙin Biyetnam da zanga-zanga ta fuskar da manyan kafafe ba sa bi. Bayan wasan Rolling Stones na Altamont a ranar 6 ga watan Disamban 1969, inda 'yan ƙungiyar babura ta Hells Angels da aka ɗauka gadi suka kashe wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 18, Meredith Hunter, tashar ta buɗe layin waya na awa huɗu washegari, waɗanda suka halarta da shugaban 'yan baburan na Oakland suka yi magana kai tsaye. A 1974, lokacin da wata ƙungiyar 'yan bindiga ta sace Patricia Hearst, jikar mai gidajen jaridu William Randolph Hearst, KSAN na cikin tashoshin da ake aika wa saƙonnin kaset.

Gwamnati ma ta sa ido. A watan Maris 1971 hukumar FCC ta fitar da sanarwa tana tunatar da masu lasisi cewa alhakinsu ne su san abin da waƙoƙin da suke sawa ke faɗa game da miyagun ƙwayoyi. Ba ta haramta wata waƙa da suna ba, amma masu gidajen rediyo da yawa sun fahimci saƙon, suka fara tace fayafayai tun kafin a tambaye su.

A 1970 Donahue ya jagoranci ayarin motocin safa ɗauke da mutum kusan 150 da suka ratsa Amurka suna shirya wasanni, da kuɗin Warner Brothers, domin a yi fim. Bafaranshe François Reichenbach ne ya ba da umarni, Martin Scorsese ya yi aikin tace hotuna, B.B. King na cikin waɗanda suka yi wasa. Fim ɗin, Medicine Ball Caravan, ya fito a 1971 bai yi kasuwa ba, kuma tun a kan hanya wasu matasa suka riƙa zargin ayarin da sayar wa kamfani gwagwarmayarsu.

A 1972 aka naɗa shi babban manajan KSAN. A wannan matsayi shi ne katanga tsakanin kamfani da masu gabatar da shiri: muddin tashar na kawo kuɗi, yana iya hana a aiko musu jerin waƙoƙi daga sama. A zamaninsa tashar ta riƙa watsa wasanni kai tsaye daga ɗakin ɗaukar murya na Record Plant da ke Sausalito. A watan Oktoban 1973 Bob Marley da Wailers, waɗanda aka sauke daga rangadin Sly Stone bayan 'yan wasanni kaɗan suka rasa na komawa gida, sun yi wasa a nan aka watsa a KSAN, tun Amurka ba ta san su sosai ba. An fitar da wani ɓangare na wasan a faifai a 1991. A watan Satumban 1974 John Lennon ya zauna da Donahue a tashar suna hira suna sa fayafayai.

Lokacin da ajali ya riske shi yana cikin shirin komawa KMPX, wadda mai shirya fina-finai Francis Ford Coppola ke neman saye. Cinikin bai tabbata ba.

Bayan rasuwarsa

Kafin ƙarshen shekarun 1970 masu sauraron FM a Amurka sun zarce na AM, kuɗin lasisi ya yi tashin gwauron zabo, masu gida suka daina barin irin wannan dukiya a hannun ɗanɗanon mutum ɗaya. Masu ba da shawara irin su Lee Abrams sun riƙa sayar wa tashoshi jerin waƙoƙin rok da aka tace ta hanyar binciken kasuwa, aka dawo gidan jiya da sabon kiɗa. A 1980 Metromedia ta mayar da KSAN tashar kiɗan karkarar Amurka, KMET kuma ta rufe babinta na rok a watan Fabrairun 1987. A 1996 aka shigar da sunan Donahue zauren girmama gwarazan rok da ke Cleveland, bayan Alan Freed da Dick Clark. A shekarar ce kuma majalisa ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar, kuma cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara fiye da 1,200.

Salon ya rayu a wasu 'yan wurare. WXRT ta Chicago ta fara a 1972 kamar yadda KMPX ta fara, da awoyin dare a tashar da ke sayar da lokaci ga shirye-shiryen harsunan baƙi. KBCO ta buɗe a Boulder ta jihar Colorado a 1977. Daga irinsu ne aka samu tsarin da masu harkar ke taƙaita sunansa da AAA, wanda ke nufin manyan da suka girma da rok amma suke son jin sabon abu, da jerin waƙoƙi mai faɗi da ke haɗa rok da blues da kiɗan gargajiya da na wasu ƙasashe. WXPN ta Filadelfiya, birnin da Donahue ya yi suna, ta fara shirin World Cafe a 1991, wanda tashoshi da dama ke karɓa. KFOG ta San Francisco ta riƙe salon shekaru masu yawa kafin kamfanin da ya mallake ta ya rufe shi a 2019.

Waɗanda suka fi daɗewa a kan turbar galibi su ne tashoshin da ba na neman riba ba, masu rayuwa da gudummawar masu sauraro, waɗanda lasisinsu ke hannun wata ƙungiya ko jami'a. KEXP ta birnin Seattle na cikinsu, kuma har yau masu gabatar da shirinta ne ke zaɓen abin da za su sa. A ɗakinta ne makaɗan jita na Nijar, Bombino da Mdou Moctar, suka yi wasannin kai tsaye da aka ɗauka a bidiyo suka zagaya duniya ta intanet. A 2024 KEXP ta fara watsa shirye-shiryenta a yankin San Francisco a kan mita 92.7, bayan ta sayi lasisin tashar da kuɗinta, shekara 49 bayan rasuwar Donahue.